Pandora da magajiyarta Pyra: sharhi ga mai niyyar saye daga Zariya

Wanda ya saba zagaya shagunan waya na PZ ya san irin na'urorin gem na hannu da ke shigowa garin nan: PSP ta hannu, jefi-jefi Nintendo DS, sai ƙananan 'yan China masu zuwa da wasanni ɗari-ɗari a ciki. Abu ɗaya ya haɗa yawancinsu, wato kamfani ya kulle ya tafi da makulli. Abin da ya zuba shi za ka buga, in ta lalace kuma babu zanen da mai gyara zai duba. Pandora da Pyra an ƙera su ne domin saɓa wa wannan tsari. Kowace cikakkiyar kwamfuta ce mai Linux, da madannan rubutu da maɓallan gem a jiki ɗaya, ana naɗe ta kamar DS a sa a aljihun kaftani. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne: Pandora mai lafiya har gobe abar riƙewa ce, Pyra kuwa ba ta kai kuɗinta ba ga wanda gem kawai yake nema, kuma makomarta ta rataya ne a kan wani ƙaramin fanel guda, wato allon da ke ɗauke da guntayen lantarki a cikin na'ura, da za mu zo kansa.

Asalin abin daga Koriya ta Kudu ne. A 2001 kamfanin Game Park ya fitar da GP32, a 2005 kuma GP2X mai Linux ta biyo baya. Masu sha'awar waɗannan na'urori suka gaji da roƙon kamfani ya gyara kurakuransa, sai wasu daga cikinsu suka ce bari su ƙera tasu: Craig Rothwell a Ingila, Michael Mrozek a Jamus wanda aka fi sani da EvilDragon, Fatih Kilic, da Michael Weston wanda ya zana fanel ɗin. An buɗe karɓar kuɗin oda a ƙarshen Satumban 2008 a kan dala 330, amma na'urorin farko ba su fara fita ba sai watan Mayun 2010. Masana'antar da ke haɗa fanel a Texas ta Amurka ta yi ta ba su matsala, har aka mayar da aikin Jamus. Wasu da suka biya tun farko sun shafe shekaru suna jira. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin shi ya sa adadin Pandora a duniya bai wuce 'yan dubbai ba, kayan gyaranta ma haka.

A cikinta akwai firosesa OMAP3530 ta kamfanin Texas Instruments, mai zuciya ɗaya ta Cortex-A8 a kan MHz 600, da sashen zane PowerVR SGX530. Sikirin inci 4.3 ne, 800 da 480, irin na dannawa da tsinke ko farce. Akwai madannai 43, maɓallin kwatance, ƙananan analog biyu masu zamewa, ramin katin SD babba guda biyu, da batir mai ƙarfin kusan mAh 4200. Wannan batir shi ne babban abin alfaharinta. Awa goma tana aiki ba abin mamaki ba ne in batirin sabo ne, kuma ana zare shi da hannu ta baya ba tare da sukudireba ba. A unguwar da wuta kan ɗauke tun hantsi ba ta dawo ba sai bayan isha'i, wannan ya fi kowace lamba da aka rubuta a kwali daraja. Cajarta ma ba abar wahala ba ce: bolt 5 ce mai siririn baki irin na PSP, don haka cajar PSP ta asali tana yi mata.

Ta fuskar wasa, duk abin da ya zo kafin PlayStation ta farko tana ɗaukarsa ba gargada: Sega Mega Drive, Super Nintendo, Game Boy Advance, Neo Geo, tsofaffin wasannin kwamfuta na DOS. PlayStation ta farko tana tafiya sumul ta manhajar kwaikwayo PCSX ReARMed, har da wasannin ƙwallon da aka yi yayi a gidajen gem na Tudun Wada da Sabon Gari shekarun baya. Nintendo DS na tafiya ta DraStic. Nintendo 64 kuwa sai a hankali, wani wasan ya yi, wani ya riƙa tsinkewa. PSP sai ƙananan wasanni marasa nauyi. Wanda ke mafarkin PS2 ya cire rai tun yanzu.

Tsarin sa manhaja a Pandora yana cikin abin da aka yi da hankali. Kowace manhaja fayil ɗaya ce mai ƙarewa da .pnd, ta ƙunshi duk abin da take buƙata. Za ka samu katin SD, ka buɗe jaka mai suna pandora, a cikinta ka buɗe menu da desktop da apps. Fayil ɗin da ka jefa a menu zai bayyana a jerin manhajoji, na desktop ya fito a fuskar allo, na apps ya fito duka biyun. Ajiyar wasanka da saitinka suna zuwa jakar appdata da na'urar ke buɗewa da kanta a kan katin. Ma'ana, in ka zare katin ka sa a Pandorar abokinka, komai naka ya bi ka, kuma ba a buƙatar data ko kobo ɗaya. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne cusa manhajoji a ma'ajiyar ciki. Mega 512 ce kacal, tsarin na'urar ya riga ya cinye mafi yawanta, in ta cika tana iya ƙin tashi yadda ya kamata. A bar ciki ga tsarin, komai ya tafi kati.

Iri uku aka yi. Ta farko mai ram mega 256, sai wadda ake kira Rebirth mai mega 512, sai ta ƙarshe a 2012 mai firosesa DM3730 da ke gudu a GHz 1, ita ma mega 512. Ta ƙarshen ita ce abar nema, musamman ga mai son DS da Nintendo 64. Kada ka dogara da bakin mai sayarwa ko launin jiki, domin ana sauya murfi. Buɗe tagar umarni ka rubuta free -m, lambar da ta fito za ta gaya maka ko 256 ce ko 512.

An daina ƙera Pandora tun da sassanta suka ƙare a kasuwa, musamman guntun Wi-Fi, saboda haka duk wadda za ka samu yau ta hannu ce, ta haura shekara goma. Ga yadda ake duba ta.

Fara da sikirin. Buɗe farin shafi, ka kama murfin ka riƙa buɗewa da rufewa sannu a hankali, idonka a kan farin. In ka ga ya rine zuwa shunayya ko ruwan hoda a wani kusurwa, ko layuka sun gilma sun ɓace, to fileks ɗin sikirin ya fara tsagewa. Wannan siririyar igiya a naɗe take ta ratsa cikin gaɓar da ke haɗa murfi da jiki, kullum aka buɗe sai ta murɗu, kuma na rukunin farko ba su da ƙwari. Cutar ba ta warkewa da kanta, gaba take yi har hoton ya ɗauke gaba ɗaya. Ba a kuma yi mata soda, sauyawa ake yi, kuma fileks na waya ko na DS ba ya shiga. In mai sayarwa yana da na ajiya, ka haɗa da shi a ciniki ko da zai ƙara kuɗi.

Daga nan ka dubi gaɓar kanta a haske mai kyau. Robar jikin Pandora tana da gautsi, tsagewa takan fara daga gefen gaɓar ko kusa da maɓallan kafaɗa. Tsaga ƙarama ana iya tare ta da gam mai haɗi biyu, wanda ake cakuɗawa, amma kada a ɗiga sufa gulu a wurin, domin yana gangarawa ciki ya kama fileks. Sai analog biyun. A fuskar kwamfuta na hagu linzami ne, don haka tura shi sama, ƙasa, dama, hagu, ka sake shi. In kibiyar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, kashe na'urar ka sake kunnawa ba tare da yatsanka na kai ba, ka murza shi zuwa kowane gefe. In ya daidaita, saiti ne kawai. In har yanzu gefe ɗaya ba ya amsawa, ya mutu, kuma a jikin fanel aka like shi, ba aikin minti biyar ba ne.

Batir kuwa zare shi ka ɗora a kan tebur mai santsi, ka juya shi da yatsa. Lafiyayye ba ya juyawa, wanda ya kumbura zai yi ta wulwulawa a kan cikinsa. Kumburarren batir ba a ci gaba da caja shi, ba a kuma huda shi. Sa mita a bakinsa: cikakke yana nuna kusan bolt 4.2, matsakaici 3.7, wanda ya faɗi ƙasa da 3 ya daɗe a yashe kuma da wuya ya dawo da ƙarfinsa. Wani halin Pandora da ke ruɗa mutane shi ne tana kunna kanta da zarar an sa mata caja. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Ƙarshe, gwada ramukan kati biyun da kati ɗaya, kowanne ya karanta kuma ya rubuta.

In aka zo gyara, akwai gargaɗi guda da ya kamata a isar wa mai gyaran waya kafin ya taɓa. Masu gyaranmu suna da hannu, sai dai al'adar hura wa aisi, wato guntun lantarki da ke kan fanel, iska mai zafi da zarar na'ura ta ƙi tashi tana kashe Pandora. Guntun memori a kan firosesa aka ɗora shi, hawa biyu, dalma a tsakani. Zafi ya yi yawa ƙwayoyin dalmar su narke su haɗe, shi ke nan an rasa fanel ɗin. Mafi yawan Pandorar da ta ƙi tashi matsalar manhaja ce, maganinta kuma filashin: a sauke tsarin aikin Pandora mai suna SuperZaxxon, a kwance fayilolinsa a kan katin da aka yi wa fomat na FAT32, a sa a ramin hagu, a danne maɓallin kafaɗa na dama yayin kunnawa, a zaɓi tashi daga kati. Batir ya kasance a cike kafin a fara. Sukurorin jiki kuma cikin roba suke shiga, a ɗaure su daidai yadda suka tsaya, ƙarin murɗi ɗaya yana cinye ramin.

Inda tsufa ya kama Pandora sosai shi ne intanet. Wi-Fi ɗinta tsohon tsari ne na b da g, a mitar GHz 2.4 kaɗai, kuma tun tana sabuwa ba ta da ƙarfin kamawa. In za ka haɗa ta da hotsifot na waya, saita wayar a 2.4 da tsaron WPA2, in ba haka ba ba za ta ma gan shi ba. Ko ta haɗu, shafukan yau sun fi ƙarfin ram ɗinta, tushen Linux ɗin da aka gina ta a kai, Ångström, an daɗe da barinsa. Kada a shiga asusun banki da ita. Babban ramin USB ɗinta ma yana da wani sharaɗi: na'urori masu saurin USB 2.0 kaɗai yake ganewa kai tsaye. Filas zai yi, amma linzami ko kibod ko hannun gem sai an ratsa ta ƙaramin hob na USB 2.0. Mutane da yawa sun ɗauka ramin ya mutu alhali hob ne babu.

Pyra ta zo ne domin share waɗannan hawaye. Michael Mrozek ne ya ja ragamarta daga shagonsa na DragonBox a Ingolstadt, Nikolaus Schaller ya zana fanel ɗin. An nuna samfurinta a 2014, an fara karɓar oda a watan Mayun 2016, ba a fara rabawa ba sai ƙarshen 2020, shi ma kaɗan-kaɗan, domin da hannu ake haɗawa. Firosesarta OMAP5432 ce, zuciya biyu ta Cortex-A15 a kan GHz 1.5, sashen zane PowerVR SGX544MP2, ram giga 2 ko 4, ma'ajiyar ciki giga 32, sikirin inci 5 mai 1280 da 720, batir mAh 6000 wanda shi ma ana zarewa. Tsarinta Debian ne, ba wani yankakken Linux ba.

A hannu, Pyra ta gyara abubuwa da dama kuma dole a yaba. Madannanta suna da haske a ƙasa, ana rubutu a duhu ba sai an kunna tocila ba. Maɓallan kafaɗa sun zama huɗu, na fuska shida, abin da wasannin faɗa ke so. Ramukan SD biyu suna nan, an ƙara na ƙaramin kati a ciki, da manyan ramukan USB biyu, da ƙaramin HDMI na haɗawa da talabijin ko majigi. Wi-Fi yana kama mita biyu, GHz 2.4 da 5. Akwai kuma mai ɗaukar layin waya da 4G da GPS. Ga ɗalibin injiniya a Samaru da ke son ya zauna a gindin bishiya ya rubuta lambar C ko Python, ya jona Arduino ta USB, ya loda masa aiki nan take, babu na'urar aljihu da yawa da za su yi masa haka da maɓallan gaske. Tana da kauri da nauyi fiye da Pandora, kusan giram 400, amma riƙonta bai gajiyar da hannu.

Matsalar tana zuciyarta. Texas Instruments ya sanar tun 2012 cewa ya janye daga kasuwar firosesar wayoyi, OMAP5 kuwa ita ce 'yar autar wannan gida. Lokacin da aka zaɓe ta tana da ƙarfi daidai zamaninta. Lokacin da Pyra ta isa hannun mutane, shekara shida ko bakwai sun shuɗe, Nintendo Switch ta fito a 2017, Steam Deck na bakin ƙofa. Kuma Cortex-A15 mai bit 32 ce, duniyar manhaja kuwa ta koma 64. Dolphin, mai kwaikwayon GameCube da Wii, ya daɗe da daina tallafa wa bit 32, manhajoji da yawa na bin sahu. Debian har yanzu tana fitar da reshenta mai bit 32 da ake kira armhf, wanda Pyra ke amfani da shi, wannan ne ke riƙe da ita, amma masu gwada manhaja a wannan reshe raguwa suke yi. Magana ta gaskiya, wayar Infinix ko Tecno mai matsakaicin kuɗi ta fi Pyra gudun wasannin PSP, kuma yaran da ke buga ƙwallo da PPSSPP a bakin layi sun riga sun tabbatar da haka.

Sai zafi. Pyra ba ta da fanka, jikinta roba ne, zuciyoyin A15 kuwa an san su da ɗumi. In aka matsa mata, tsarin yakan rage gudu da kansa don kada ta ƙone. An auna wannan ne da yanayin Jamus. A Zariya, watan Maris da Afrilu, inda rana kan doshi digiri 40 kuma ɗakin kwano ya fi waje zafi, tazarar da ta rage mata kaɗan ce. Dabarar ita ce a rage mata gudu da hannu zuwa kusan GHz 1 in ana wasannin da ba su buƙatar ƙari, kada a yi caji ana buga wasa mai nauyi a lokaci guda, kada kuma a ɗora ta a kan katifa ko dadduma tana aiki. Batirin lithium ba a son a caja shi in zafinsa ya haura digiri 45, kuma a motar da aka ajiye a rana a Kwangila ana wuce wannan cikin ɗan lokaci.

Manhajarta ma ba ta zo a nune ba. An fara rabawa alhali sauti, barcin na'ura da tattalin batir duk suna buƙatar aiki, masu sa-kai ne kuma ke yi a lokacin hutunsu. Babban ƙaya shi ne direban PowerVR. Na'urar da ake kira buɗaɗɗiya, sashen zanenta a kulle yake, kamfanin da ya mallake shi bai saki lambar wannan tsohon samfuri ba. Duk sabunta kenel, wato ginshiƙin Linux, sai an yi dabarar da tsohon direban zai zauna a kai. Haka kuma fayilolin PND na Pandora ba su tashi kai tsaye a Pyra, domin yadda tsarin biyu ke miƙa lissafin lambobi masu ɗigo ya bambanta. Pyra na da nata tsarin mai suna DBP, tunani iri ɗaya, amma taskarsa ba ta kai ta Pandora cika ba. Abin da ya rage zafin wannan shi ne rumbun Debian a buɗe yake, apt install kawai za ka rubuta ka samu dubban manhajoji.

Yanzu ga fanel ɗin da muka ambata. Ba kamar Pandora ba, Pyra fanel uku ce: babba mai ɗauke da maɓallai da ramuka, na sikirin a murfi, da ƙarami mai ɗauke da firosesa da ram da ma'ajiya, wanda ake cirewa a dasa wani. Hikimar ita ce in firosesa ta tsufa, a sayi wannan ƙaramin kawai, jiki da madannai da batir su ci gaba da aiki. Da wannan alƙawari mutane suka jure jiran shekaru. Sai dai na'urorin da suka isa hannun mutane OMAP5 ce a cikinsu, kuma mai saye ya yi ciniki a kan abin da ke cikin kwali, ba abin da ake fata ba.

Dalilan da suka sa sabon fanel ke da wuya sun cancanci a fahimce su, don ba lalaci ba ne. Na farko, sikirin Pyra na waya ne, a tsaye aka ƙera shi, a kwance ake amfani da shi. OMAP5 tana da wani sashe da ke juya hoto ba tare da cin ƙarfi ba. Duk firosesar da za ta gaje ta sai ta iya wannan juyi cikin sauƙi, in ba haka ba wasa ya riƙa jinkiri ko batir ya zube. Na biyu, dole sabuwar ta yi magana da duk abin da ke kan babban fanel ta ƙafafun da aka riga aka tsara: ramukan kati uku, USB, HDMI, sauti, modem. Na uku, zafin da za ta fitar kada ya wuce abin da wannan jiki marar fanka zai ɗauka. Na huɗu kuma shi ya fi nauyi: manyan masu ƙera firosesar waya ba su sauraron mai sayen ɗari biyar ko dubu, ba su kuma ba da littafin bayanin guntunsu sai da yarjejeniyar sirri. Abin da ya kai Pandora da Pyra ga Texas Instruments ke nan tun farko, domin yana sayar da kaɗan kuma littattafansa a fili suke. Zana fanel mai hawa da yawa, gwada shi, gyara shi, sake bugawa, kuɗi ne masu yawa da za a raba a kan masu saye 'yan kaɗan.

Ba wai tunanin ba ya aiki ba ne. Kamfanin MNT na Berlin ya fara kwamfutarsa Reform da firosesa i.MX8MQ, daga baya ya fitar da wasu fanel, har da mai RK3588, masu tsohuwar na'ura suka saya suka dasa. Ƙaramarsu Pocket Reform mai inci 7 ta bi wannan hanya, ko da yake ba ta gem ba ce. Bambancin shi ne jikinta na da faɗi da wurin shan iska, kuma sun jingina da ƙananan fanel da wasu ke ƙerawa da yawa. Pyra ta matse kanta a aljihu, ta biya farashin matsin. In har aka samu fanel mai bit 64 da buɗaɗɗen direban zane, irin wanda guntayen Mali suka samu ta Panfrost, Pyra za ta zama sabuwa, domin sauran jikinta bai tsufa ba. In ba a samu ba, za ta ci gaba da aiki ne iyakar tsawon ran armhf da haƙurin masu sa-kai.

Wani ɓangare na gadon Pandora kuwa ya riga ya fita daga jikinta ya bazu. PCSX ReARMed da aka gyara dominta, ita Sony ya sa a PlayStation Classic a 2018. DraStic a Pandora ta fara kafin ta koma Android a 2013. Box86, mai ba na'urar ARM damar tafiyar da manhajojin kwamfutar tebur, da gl4es mai fassara umarnin zane, duk daga wannan zaure suka fito, yau kuma suna aiki a Raspberry Pi da ƙananan na'urorin gem na China masu Linux. Wanda ya sayi Anbernic ko Miyoo yana cin gumin mutanen Pandora ko bai taɓa jin sunanta ba. An kuma saki zanen fanel na na'urorin biyu ga jama'a, bisa sharaɗin ba na kasuwanci ba. Malamin lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli zai iya buɗe shi a aji ya nuna yadda ake raba wuta, yadda ake cajin batir, yadda ake jan layukan memori, a kan na'urar da aka sayar da gaske. Wannan ba ya buƙatar sayen komai.

Batun kuɗi. Farashin da aka sa wa Pyra lokacin oda ya kama daga kusan Yuro 600 zuwa sama da 700 da harajin Jamus, gwargwadon ram da modem. Mai saye daga wajen Tarayyar Turai ana cire masa wannan haraji na kashi 19, amma kuɗin aikowa da na kwastan da harajin kashi 7.5 na nan gida suna jiransa. Kafin ka tura ko sisi, rubuta wa shagon ka tambayi abu uku: akwai ta a ƙasa ko layi za ka shiga, suna aikowa Najeriya, kuma batirin zai biyo ta, tunda kamfanonin aike suna da tsauri a kan lithium. In mai layin waya kake so, ɗauki samfurin Turai, ba na Amurka ba, domin mitocin 800 da 1800 da 2600 su ne galibin kamfanonin layinmu ke amfani da su a 4G. Ka kuma lissafa cewa duk gyaran da ya shafi fanel, komawa Jamus ne.

Da wannan kuɗi Steam Deck, wadda ta fito a Fabrairun 2022 a kan dala 399, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ita ma Linux ce, sai dai ba ta shiga aljihu, ba ta da madannai, batirinta kuma ba ya jure wasa mai nauyi. Mai neman tsofaffin wasanni kawai, ƙaramar Anbernic ko Miyoo ta ishe shi da kaso kaɗan na kuɗin. Pyra ta mai son Linux ce wanda ba ya tsoron tagar umarni, wanda in sauti ya ɗauke zai zauna ya binciko dalili, kuma yana jin daɗin hakan. Irin wannan mutum ba za mu hana shi ba, don da irinsa na'urar ke rayuwa. Uban da ke son saya wa yaro abin wasa kuwa ya nemi wata.

Wanda Allah ya sa ya mallaki ɗaya daga cikinsu, hunturu ne lokacin lura. Fuskar sikirin ɗin roba ce mai laushi ba gilashi ba, ƙurar Disamba da Janairu kuma tana da ƙwayar yashi. In ka goge da gefen riga ko ka ja tsinke a kai, ka zana mata tabo. Hure ƙurar tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai laushi, ka kuma liƙa ledar kariya da aka yanka daidai. Ramin katin da babu kati a ciki a toshe shi da adaftar banza. Mai buɗe na'urar a wannan busasshen lokaci ya taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ya taɓa fanel, saboda wutar da jiki ke tarawa. Kada a yi caji kai tsaye daga ƙaramin janareta, a cika fawa bank a ba ta daga nan. Mai mAh 10,000 zai cika Pandora kusan sau ɗaya da rabi, Pyra sau ɗaya da 'yan kai. In za a ajiye ta wata da watanni, a zare batirin yana kan rabin caji, a sa shi a wuri mai sanyi, a duba shi da mita duk bayan wata uku.